Ishatu ta Bayan Labule

Yayata Atika ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. Sharfaddeen ne sunan. Ni zan iya faɗa, ni Zinatu ƙanwar uwa ce, babu abin da ya ɗaure min baki. Ita kuwa tun ranar da aka raɗa masa shi ta cire shi daga cikin kalmominta. In ta kama dole ta ambace shi, sai ta ce "yaron nan". Da ya yi aure ya tare a Hanwa ya samu ƙarin girma, ya koma "mutumin Hanwa". Da ya zama likita ba a ƙara masa komai ba.

Kunyar ɗan fari kowa ya san ta, amma a gidanmu an riƙe ta kamar wata farilla ta shida. Mahaifinmu Modibbo malami ne a cikin birni, kuma matan gidansa sun fi shi tsanani. Ana yaye yaron aka kawo shi wurin mahaifiyarmu. Lokacin ban yi aure ba, don haka bayana ne ya sha goyo da fitsari. Ya tashi yana jin muna kiran uwarsa Yaya, shi ma ya ɗauka, har yau Yaya yake ce mata. In ta zo ganin gida ya rugo da gudu, sai ta juya ta kama kallon bango, kai ka ce an rubuta mata wani abu a jiki. Bayan ta tafi sai a tarar da ƙullin alkaki a bakin ƙofa, wai na yaran gida. Yaro ɗaya ne a gidan.

A Tudun Wada ta yi duk zaman aurenta, gidan Malam Salisu tela. Da ya rasu ya bar mata 'yan mata uku da keken ɗinkin da ba ta iya takawa ba. Ta sayar da keken ta sayi manyan tukwane. Da alkaki da nakiya da dubulan ta aurar da su duka, ɗaya Sakkwato, biyu Abuja. In ka ci garar amarya a Tudun Wada ka ji alkakin bai yi tauri ba kuma bai jiƙe sharkaf ba, to daga hannunta ya fito. Da safe matan unguwa su zo ta yi musu ƙarin karatu, da hantsi ta hura wuta. Magana ba ta dame ta ba. Ranar da na je da gudu na gaya mata yaron ya samu karatun likita, cewa ta yi "To," ta ci gaba da suya. Ran nan ta ƙona alkaki, kuma ban taɓa ganin ta ƙona ba sai ran nan.

Duk Juma'a bayan la'asar Sharfaddeen yakan zo gaisuwa. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, labule a sake.

"Yaya, ina wuni?"

"Lafiya."

"Ya aiki?"

"Da godiya."

Shi ke nan, an gama hira. Yana fitowa zai tarar zaure ya cika da maƙwabta, mai tari, mai ciwon gwiwa, mai son a karanta masa takardar magani. Babu hannun da ba a ɗaura wa abin awon jini ba a layin nan, sai na matar gidan.

A daminar bara na je taya ta aikin wani biki, na lura hannu ɗaya take tuƙi da shi, na hagun a manne da jiki. Na tambaya, ta ce sanyi ne. Ni ba a rufe min baki da sanyi. Na bi ta har ɗaki na tsaya mata a kai sai da ta ɗaga riga. Ƙullutu ne a mamanta na hagu, mai tauri, kamar ƙwallon dabino. Na ce ta ɗauko mayafi mu tafi asibiti yanzu.

Ta ce, "Wane asibitin zan shiga a Zariya labari bai kai Hanwa ba?"

"To ya kai mana. Ba don irin wannan ranar ya yi karatun ba?"

"A wannan wurin? Ke kina da hankali kuwa?"

Ta ce kuma yaron nan yana da intabiyu a gaba, ba za ta raba masa hankali ba, a bari ya gama. Sannan ta sa na rantse ba zan gaya masa ba, ba kuma zan gaya wa wanda zai gaya masa ba. Na rantse. Yaya Atika in ta kafe ki da ido za ki rantse a kan abin da ya fi wannan. Na fito ina jin haushinta, ina jin haushin kaina, ina kuma jin tsoro, don na ga abin da irin wannan ƙullutun ya yi wa wata maƙwabciyata a Kwangila da ta tsaya jira.

Intabiyun da take magana na shiga horon ƙwarewa ne. Sharfaddeen yana aiki a wani ɗan asibitin kuɗi, amma burinsa ya zama likitan iyali, irin wanda ke duba kowa, jariri da mai ciki da tsoho, kafin a tura mutum wani sashen. Masu nema da yawa, gurbi kaɗan. Ya taɓa zuwa sau ɗaya aka dawo da shi. Ba jarrabawar rubutu ta kayar da shi ba, wannan ya cinye. A asibitin da ya nema, bayan tambayoyi sai su zaunar maka da wani ya yi kamar mara lafiya, a ba ka 'yan mintoci ka yi magana da shi, manya suna gefe suna kallo. Wani daga cikin manyan ya ce masa ya san littafi, amma ba ya barin mara lafiya ya kai ƙarshen zancensa. Da ya ba ni labari na ce masa ai da sun tambaye ni da na hutar da su, tun yana ɗan firamare haka yake.

Don haka bana ya ce sai ya yi gwaji. Matarsa Bahijja ta gwada zama mara lafiyar, dariya ta hana ta. Sai ya faɗo kaina. Muka sa gidan Yaya ya zama wurin haɗuwa, tunda ina yawan zuwa can, shi kuma hanyarsa ce in ya tashi aiki. Ya zauna a kujera 'yar tsugunne a tsakar gida, ya ajiye waya a gwiwa ya saita ta ta yi ƙara in lokaci ya cika, ya gyara murya.

"Sannu baiwar Allah. Sunana Dakta Sharfaddeen Salisu. Me ke tafe da ke?"

Ni kuwa na zage. Na yi ciwon kai, na yi jiri, na riƙe ƙugu ina nishi, har na ƙara da aljanu don abin ya yi armashi. Ya ce in rage. Na rage, ya ce na rage da yawa. Muna cikin haka a zuwa na biyu sai murya ta fito daga bayan labule, ba da shi take ba, da ni take.

"Zinatu, haka mara lafiya yake yi? Mai ciwon gaske ba ya wannan kururuwar."

Na ce, "To malama, fito ki yi mana."

Da gatse na faɗa. Sharfaddeen ya sunkuyar da kai yana danna waya, don a saninsa yau an tsokano abin da ba a tsokana. Can sai muka ji ta jawo tabarma kusa da ƙofa, labulen bai motsa ba.

"Ki ce masa wata ce ta zo. Ishatu, daga Dutsen Abba."

Ya dube ni, na dube shi. Ya juya kujerarsa ta fuskanci labule, ya danna waya, ya faɗi sunansa kamar yadda aka koya masa. A iya sanina ranar ce ya fara faɗa mata sunan nan kai tsaye.

"Me ke tafe da ke, Ishatu?"

"Wani abu ne ya fito min."

"A ina?"

Ta ce, "A ƙirji. Ta hagu."

Rariya ce a hannuna, na ajiye ta a hankali. Ta gaya masa tun yaushe, ta gaya masa ba ya ciwo sai dai nauyi, ta ce da kamar ƙwallon dabino yake, yanzu ya kusa goro. Wannan na ƙarshen ni ma ban sani ba. Shi kuwa gogan naka ido ɗaya a labule, ido ɗaya a waya, tana rabin magana yana jefa wata tambayar. Wayar na yin ƙara ya miƙe yana murmushi har kunne.

Ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Inna Zinatu, kin ji yadda ake yi? Wannan ai ciwon daji ne sak, kamar ta karanta littafinmu. Ina ta samo labarin?"

Na ce, "Mata suna hira."

Ya ce lallai kam, ya sa takalmi ya tafi. Da ludayi ne a kusa da ni da ya tafi da shaida a goshi. Shekara nawa ana karatu, a sha wahala a biya, a fito da mutum ya san sunan ciwo da Turanci, amma ya kasa gane muryar da ba ta iya ƙarya ba. Na shiga ɗaki na ce mata, "Yaya, me kika yi ke nan?" Ta ce taimaka masa take yi, an ce yana buƙatar mara lafiya. Na ce to sake ni daga rantsuwar. Ta ce wace rantsuwa ake sakin mutum daga ita kamar akuya.

Haka aka ci gaba. Duk zuwan da zai yi sai ya tambaya ko Ishatu tana nan, ita kuma kullum tana nan. Ya so a canza ciwo, a yi hawan jini ko ciwon suga don ya saba da kowane iri. Ta ce min in gaya masa Ishatu ciwo ɗaya gare ta. Kuma ciwon yana tafiya. Wani zuwan ta ce wani ƙarami ya fito a hammata. Wani zuwan ta ce fatar wurin ta soma yin kamar bawon lemo. Shi kuma ya yaba, ya ce da ni kullum tana ƙara masa wahalar jarrabawar, haka ake so. Ni ina zaune a gefe ina tankaɗen gari. Na yi tunanin karya rantsuwar in yi kaffara, azumi ba zai kashe ni ba. Abin da ya tsayar da ni, na san Yaya. In magana ta fito ta bakina, za ta ce ƙarya nake, ta ja labulenta, daga ni har shi babu mai sake jin komai.

Amma in faɗi gaskiya, yaron yana gyaruwa. Wani abokinsa, Dakta Kailani, wanda ya riga shi shiga horon, ya ba shi shawara biyu. Ya ce in ya yi tambaya ya kama bakinsa ya jira, ko da shirun zai dame shi. Ya ce kuma kada ya tsaya a ciwo kaɗai, ya tambayi gida: wa ya sani, wa zai taimaka, me take tsoro. Wai manyan nan suna ba da maki a kan wannan. Sharfaddeen in dai an ce akwai maki, to zai koya ko da tsayuwa da ka ce.

Ana gobe intabiyu ya zo bayan la'asar, da sabon aski. Ya zauna, ya danna waya, ya faɗi sunansa. Suka bi ciwon daga farko, wannan karon bai katse ta ko sau ɗaya ba. Sannan ya shiga darasin Kailani.

"Ishatu, a gida wa ya san da wannan?"

"Ƙanwata."

"Ita kaɗai? Ba ki da 'ya'ya?"

"Akwai."

"A cikinsu babu wanda zai kawo ki asibiti?"

"Akwai ma mai aikin asibitin."

Ya waiwayo ya yi min ɗan murmushi, irin na ka ji Yaya da ƙarin gishiri. Ban mayar masa ba.

"To me ya hana ki gaya masa?"

Shiru. Sharfaddeen na da, da tuni ya cike wurin da wata tambayar. Wannan kuwa an ce masa akwai maki, sai ya jira. Ana jin kajin maƙwabta, ana jin mai gyaran babur a bakin titi yana buga ƙarfe. Ya jira.

Ta ce, "Na fari ne."

Wayar ta kama ƙara a kan gwiwarsa. Bai taɓa ta ba, har ta gaji ta yi shiru don kanta. Ya juyo ya dube ni. Na rantse ba zan faɗa ba, amma ban rantse zan gyara fuskata ba. Na ga lokacin da abin ya shige shi. Na ga yana komawa baya yana tattaro ƙwallon dabino da goro da hammata da bawon lemo, duk abin da ya zauna yana yabawa. Tausayinsa ya kama ni, duk da haushin da na kwana biyu ina ji.

Ya miƙe ya nufi labulen. "Yaya..."

"Likita," in ji ta, muryarta ko rawa ba ta yi, "ba da ita kake magana ba."

Ya tsaya, hannunsa a sama bai kai ga labulen ba. Na ce a raina, in ka ɗaga shi ka kashe ta. Allah ya taimake shi bai ɗaga ba. Ya koma ya zauna a kujerar, ya kife wayar a ƙasa, ya share fuska da hularsa. Da ya sake magana muryar ba tasa ba ce, amma kalmomin na likita ne.

"Ishatu, ki yi haƙuri, zan sake tambayarki daga farko. A hankali."

Suka sake daga farko. Ya tambayi abubuwan da bai taɓa tambaya ba, ta ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya. Ya tambaye ta me take tsoro. Ta ce wuƙa, da kuma a kwance ta a gaban maza. Ya ce akwai likita mace, babbarsa ce, Dakta Tayyiba, ita za ta duba ta, shi ko ɗakin ba zai shiga ba. Ya ce gobe da safe zai zo da mota ya kai ta.

Ta ce, "Na ji an ce likitan yana da intabiyu gobe."

"Za a yi wani baɗi."

"Ni ba na son likitan da ya faɗi sau biyu."

Aka yi ta ja. A ƙarshe ni na raba, tunda dai an tuna ina wurin. Na ce shi ya tafi intabiyunsa, ni in kai Ishatu wurin Dakta Tayyiba a safiyar, kowa ya shiga ɗakin da yake tsoro. Ya ce sai ta yi alkawari. Ta ce min in gaya masa Ishatu ta yi. Ya fita zaure ya kira waya, na ji yana magana yana tsayawa, yana magana yana tsayawa.

Da safe na zo da mai Keke Napep na tarar da ita a shirye, da mayafinta na zuwa biki. A asibiti da aka tambayi suna na zuba mata ido. Ta ce Atika Salisu. Abin da Sharfaddeen ya faɗa tun ranar farko shi ne, ciwon daji ne. Dakta Tayyiba ba ta ɓoye mana ba, ta ce da an zo tun damina da aikin ya fi sauƙi, amma ba a makara har can ba. An yi aiki, an cire. Ana ta ƙarin ruwan maganin nan mai zubar da gashi da hana cin abinci. 'Yan matan sun zo daga Sakkwato da Abuja sun yi kukansu, sun yi min faɗan ɓoye musu, na ce su je su yi wa uwarsu in sun isa. Tukwanen alkaki suna kife, amaren Tudun Wada na bana sai haƙuri.

Sharfaddeen kuwa an ɗauke shi a horon. Na tambaye shi me ya faɗa musu, ya ce wallahi bai tuna ba. Wani dattijo aka zaunar masa mai ciwon suga, ya yi masa tambaya ɗaya ya zauna yana jira, mutumin ya yi ta zuba har lokaci ya cika. Da na kai wa Yaya labarin an ɗauki mutumin Hanwa, tana kwance, ta ce, "To." Babu alkakin da za ta ƙona, sai ta juya ta kalli bango.

Yanzu ya fara horon, aiki ya yi masa yawa, ya rame. Amma Juma'a ba ta wuce shi. Ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Yaya, ina wuni?"

"Lafiya."

"Ya jiki?"

"Da sauƙi."

Ko ta kwana tana amai, da sauƙi ne. Daga nan sai ya tashi ya ɗauko kujera 'yar tsugunne ya ajiye ta fuskanci labule. Ba ya fito da waya. Intabiyu ya wuce tun tuni, babu wanda ya ce a daina, ni kuma ban ga dalilin tunatar da kowa ba. Ishatu ce ke gaya masa inda ke ciwo, da maganin da ke tayar mata da zuciya, da abin da take iya haɗiya. Wani lokacin takan zarce. Ta taɓa ba shi labarin ranar da aka zo aka ɗauki ɗanta bayan yaye, yadda ta tsaya tana shara har suka fita don kada a ce ta kalla, da yadda ta ɓoye 'yar rigarsa a ƙasan adaka. Ya ce mata, "Ina jin ki, Ishatu," ya jira.

Juma'ar da ta wuce ina tsakar gida ina tankaɗe mata garin kunu. Ya gama gaisuwarsa da Yaya, ya ɗauko kujera, ya gyara murya.

"Sannu baiwar Allah. Sunana Dakta Sharfaddeen Salisu."

Daga bayan labule ta ce, "Na sani. Sannu da zuwa, Sharfaddeen."

Ya sunkuyar da kai. Ni kuma na mayar da garin cikin rariya na sake tankaɗewa, duk da na riga na gama.